Wuƙar Arewacin Turai daga sifirin ɗin trotro: sau biyu tana lalace mini wurin ba ta ruwa

Mai Walda na Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Wata matsala ce ta hana ni sukuni kusan wata guda, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai haɗa ni da wanda ya san kan wuta.

Ni mai walda ne a Suame Magazin, nan Kumasi. Shekarata 9 a kan sana'ar, amma ƙofa da taga da bodin mota na sani, ban taɓa ƙira ba. Abin da ya jefa ni ciki kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mai makarantar allo a unguwarmu. Shekara 6 da suka wuce yayana da ke zaune a Suwidin ya zo ganin gida, ya kawo masa tsarabar wata 'yar wuƙa da ake ƙerawa a wani garinsu mai suna Mora. Ba babba ba ce, ruwanta bai wuce santimita 10 ba, ƙotarta ta itace ce an shafa mata jan fenti, mai ɗan ciki a tsakiya kamar ƙwallon dabino. Da ita Kawu yake fiƙe wa yara alƙalami, da ita yake kankare allo idan ya yi kaushi. Yakan ce tun da yake bai taɓa riƙe wuƙar da ke bin itace kamar ta san inda ake son ta bi ba sai ita. Babbar Sallar bara aka are ta wurin fiɗa, ta bi hannu, ba ta dawo ba. Bai yi wa kowa faɗa ba. Amma ran nan na same shi bayan La'asar yana fama da reza, karan da ake kawo masa daga arewa yana tsagewa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, sai abin ya tsaya mini a rai. Na ce ni da ke kwana in tashi cikin ƙarfe, bai kamata a ce na kasa yi masa madadinta ba.

Na riƙe waccan wuƙar sau da yawa, don haka na san abin da ya raba ta da namu na kasuwar Kejetia. Kaifinta gangare ɗaya ne mai faɗi, ya taso daga kusan tsakiyar ruwan ya sauka har baki, babu wani ƙaramin kaifi na biyu da aka ƙara. Sannan ba a yi mata ƙota da fallen katako biyu a buga ƙusa ba. Wutsiyar ƙarfen siririya ce, ta shige cikin itacen ta ɓace. Kubenta kuwa mai zurfi ne, yana haɗiye har rabin ƙotar.

Ga yadda na yi. Na sayi fallen sifirin na bayan wata tsohuwar trotro, ƙaramar bas ɗin haya, wurin masu kondem, kaurinsa kamar milimita 7. Na yanko tsawon taƙi guda da giranda. Murhuna tsohon diram ɗin birki ne, na yi masa bututu a ƙasa, na jona fankar hitar mota da batir a madadin zugazugi. Uwar maƙerata guntun ƙarfen layin dogo ne da mastana ke daddale kwano a kai. Gawayi kuwa na girki ne, wanda matata ke saya a buhu. Kwana 3 ina duka bayan an tashi aiki har na mayar da kaurin milimita 3, na ja wutsiya, na fitar da tsini. Na gyara da giranda da magagari har ta yi kaifin da ta yanki takarda. Wallahi da na ɗaga ta na duba sai da na ji ƙwalla, don ta yi kama da ta Kawu sosai.

Ranar Asabar da tsakar rana na sa ta a wuta har ta yi jawur ta fara komawa ruwan lemo, na tsoma ta cikin bokitin ruwan famfo. Ban ko fito da ita ba na ji "ƙas" a cikin awartaki. Da na goge, tsaga 3 ne suka taso daga bakin kaifi suka nufi baya, sirara kamar gashi.

Ta biyu na sake wani kwana 4. Wannan karon wani abokin aiki ya ce in yi amfani da baƙin mai na inji. Wuta ta kama saman man, hayaƙi ya turnuƙe shagon, amma ba ta tsage ba, sai dai ta ɗan karkace hagu. Na goga magagari a bakinta, ya zame bai ci ba, na yi murna na ce ta yi tauri. Na ajiye ta a kan benci na tafi gida. Washegari na sa ta a bais ina son in miƙar da karkatar a hankali, sai ta karye gida biyu kamar kwalba. Na duba wurin karayar a rana: cikin ƙarfen tsaki-tsaki ne, yana ƙyalli kamar sukari mai manyan ƙwaya.

To jama'a, ina na kuskure? Sifirin ɗin ne bai dace ba, ko wutar, ko ruwan? Saura fallen da zai ba ni wuƙa 2 kawai, kuma ban gaya wa Kawu komai ba tukuna. Allah Ya saka da alheri.

Jikan Maƙeri, Asawase, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Na karanta wa kakana rubutunka daren jiya, shi maƙeri ne tun yana yaro, yanzu ido ya yi rauni ya bar wa baffanninmu maƙerar. Ya sa na karanta masa wurin karayar sau biyu. Ga abin da ya ce in rubuta maka, da bakinsa:

Yaro, ƙarfenka ba shi da laifi. Da sifirin muka yi adda da gatari da wuƙar mahauta shekara da shekaru. Laifin farko rana ce. Ba a ba ƙarfe ruwa da tsakar rana, don hasken rana yana ɓoye launin wuta. Abin da ka gani ja da rana, da dare ne da ka ga ya kusa fari. Ka ƙona shi, shi ya sa cikinsa ya yi tsakin nan da ka gani. Ƙarfen da ya sha wuta daidai, in ka karya shi cikinsa toka-toka ne, sumul kamar garin tuwo da aka tankaɗe. Ka jira bayan Magariba, ka kashe fitilar shago, sannan ka hura.

Na biyu, ka yi mata kaifi kafin ta sha ruwa. Bakin da ya yi siriri shi ke riga baya yin sanyi, sai su ja juna, sai ya tsage. Ka bar bakin da ɗan kauri, kaifi daga baya ne.

Na uku, sifirin ba ya son ruwan sanyi. Man gyaɗa muke sa masa, a ɗumama shi tukuna. Ka sa guntun ƙarfe a wuta ka jefa cikin man har ya yi ɗumin da yatsa zai shiga amma ba zai daɗe ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni tausayinka, don ta biyun nan ta kusa zama wuƙa. Ƙarfe in ya fito daga mai a fusace yake, sai an lallashe shi, kuma a daren ake yi, ba a kwana. Ka goge gefe ɗaya da dutse ya yi fari. Ka gasa wani ƙarfe mai kauri ya yi ja, ka fito da shi, ka ɗora bayan wuƙar a kansa, bakin yana kallon sama. Ka zuba ido. Za ka ga launi yana tasowa daga baya yana tafiya wajen baki: farko kamar busasshen kara, sai ya yi duhu kamar zuma, sai ya koma kamar wuyan tantabara. Da zarar launin kara ya isa baki, ɗauke ka tsoma a mai. In wuyan tantabara ya kai bakin, ta yi laushi, sai dai a sake daga farko. Bayan wuƙa da wutsiya su ne ake so su yi wuyan tantabara, don kada su karye.

Gawayin girki yana yi, amma yana tartsatsi yana saurin cinyewa. In ka samu na ƙirya wurin masu kawowa daga arewa, shi ne na maƙera. Ka farfasa shi ƙanana kamar goro.

Ya ce kuma in gaya maka, in ka ga dama ka zo da ƙarfen ranar Alhamis da yamma. Ya ce idonsa ba ya ganin rubutu amma har yanzu yana ganin wuta. Na tura maka kwatancen gida ta saƙo.

Malamin Fasaha, Nima, ya rubuta:

Ƙanena, duk abin da Baba ya faɗa haka yake, ni lissafin kawai zan ƙara maka, don mu da ba mu yi shekara 50 a bakin wuta ba idonmu ba abin dogaro ba ne.

Yawancin sifirin ɗin mota ƙarfe ne irin wanda ake kira 5160 ko danginsa. Sinadarin kabon da ke cikinsa kamar kashi 0.6 cikin 100 ne, da ɗan kuromiyam ƙasa da kashi 1. Kuromiyam ɗin nan ne ke sa ya yi tauri ko da bai huce da gaggawa ba, shi ya sa mai ya ishe shi, ruwa kuwa ya yi masa yawa. Na ce yawanci, don ba kowane kamfani ke amfani da iri ɗaya ba. Saboda haka kafin ka taɓa wuƙa ta uku, yanko ɗan guntu kamar yatsa, ka daddale shi, ka yi masa duk abin da za ka yi wa wuƙar, ka sa a bais ka karya, ka duba cikinsa. Gara guntu ya karye da aikin kwana 4. Ka kuma wanke fallen ka duba shi da kyau a haske, musamman kusa da ramin tsakiya. Sifirin da ya yi shekaru yana ɗaukar lodi a hanyar Tamale yakan zo da tsagarsa tun daga jikin mota.

Batun zafi: nemi maganaɗisun tsohuwar sifika ka ɗaura a waya. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Kai kuma wajen 830 kake nema, wato in ya daina kamawa sai ka mayar da shi wuta ya ƙara haske kaɗan, kaɗan fa, ka tabbata launin ɗaya ne daga tsini har gindin wutsiya. Tsini ne ke saurin ƙonewa, don haka ka fara gasa wajen mai kauri. Dabarar da ke taimakona ita ce in binne guntun bututun ƙarfe cikin gawayi in sa wuƙar a cikinsa, zafin sai ya game ta daidai. Kada ya zama bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙin zinki yana kwantar da mutum. Kai mai walda ne, ka san wannan.

Abu ɗaya da Baba bai ambata ba, wataƙila don hannunsa na yinsa ba tare da ya ba shi suna ba: bayan ka gama duka, kafin ka ba ta mai, ka gasa ta ta daina kama maganaɗisu, ka fito da ita ka riƙe a iska har ta yi baƙi. Yi haka sau 3, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Wannan ne ke mayar da tsakin nan ya zama gari, yana kuma rage karkata.

Kaurin bakin kafin mai, bar shi kamar milimita 1, ya ɗan fi katin shaidarka na Ghana Card kauri. Mai kamar lita 2 a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ɗuminsa wajen digiri 50. Tsoma ta a miƙe, tsini a gaba, ka motsa ta sama da ƙasa. In ka kaɗa ta hagu da dama kamar mai dama koko, gefe ɗaya zai riga ɗaya hucewa, ga karkata ta samu. Baƙin mai kuwa ka rabu da shi, dattin inji ne a ciki, hayaƙinsa guba ne.

Wurin lallashin, ni na fi son oban na gas, irin na gasa burodi, digiri 200, awa 2, ta huce, a sake awa 2. Hanyar Baba tana ba da baya mai laushi da baki mai tauri, abin da oban ba ya yi, amma tana son ido. In ka samu zuwa wurinsa ka bi tasa.

Gangaren kaifin kuma, irin waɗannan wuƙaƙe wajen digiri 11 zuwa 13 ake ba kowane gefe. A ruwa mai kaurin milimita 3, in ka ja layi milimita 7 daga baki ka gangaro daga nan zuwa tsakiyar kaurin, ka samu kusan 12. Da magagari da dutse za ka ƙarasa, ba da giranda ba. Giranda na iya ƙona bakin cikin ƙiftawar ido, ka ga ya yi shuɗi, duk wahalarka ta tafi.

Ɗalibin Tarihi, Sabon Zango, ya rubuta:

Ban san ƙira ba, amma ina son in ƙara wani abu kan asalin wuƙar, don na ga take ya ce ta Arewacin Turai.

Wadda aka kawo wa Kawu ta zamani ce, a garin Mora an fara ƙera su a masana'anta tun 1891. Amma tsarin wutsiya cikin itace tsoho ne ƙwarai, haka mutanen da ake kira Baikin suke yi, waɗanda zamaninsu ake ƙirgawa daga wajen 793 zuwa 1066, kakannin mutanen Suwidin da Norwe da Denmak. A fim takobi da gatari ake nuna su da shi, amma abin da masu tono suka fi samu 'yar ƙaramar wuƙar aiki ce, ta maza da ta mata. Abin da zai ba ka sha'awa, mu Musulmi muna da shaidar ido a kansu. Ahmad Ibn Fadlan, wanda Halifa Al-Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya gamu da 'yan kasuwarsu da ake kira Rus a bakin kogin Bolga a shekarar 922. Ya rubuta cewa kowane namijinsu yana tare da gatari da takobi da wuƙa, ba ya rabuwa da su, matansu kuma suna rataye wuƙa a wani zobe a ƙirji. Cinikin da ke tsakaninsu da ƙasashen Musulmi ba ƙarami ba ne: a 1999 an tono wata taska a tsibirin Gotlan na Suwidin mai tsabar azurfa sama da 14,000, mafi yawansu dirhami ne masu rubutun Larabci.

A tsibirin nan dai, a 1936, wani manomi yana huɗa garmarsa ta tono akwatin kayan aikin wani maƙeri na wancan zamani. Na ga hotunan: masaba, awartaki, magagari, zarto, ƙananan uwar maƙera. In ka zube su a maƙerar Baba ta Asawase ba wanda zai ce baƙi ne.

Kuma kada ka ji wani iri don da ƙarfen kondem kake aiki. Su ma ƙarfe mai tauri tsada yake musu, shi ya sa da yawa daga wuƙaƙensu falle 3 ne aka haɗa a wuta: mai tauri siriri a tsakiya, mai laushi a gefe da gefe. Ana wasawa, na tsakiyar ne ke fitowa a baki.

Mahaucin Kaase ya rubuta:

Ɗan'uwa, shawara ɗaya daga mai yanka kullum. Irin wannan kaifin na itace ne da fata da igiya. In ya haɗu da ƙashi bakin yana ɓantarewa ko ya naɗe, don babu nama a bayansa. Ina jin ma wadda aka are ranar Sallah ɓarna aka yi mata aka ji kunyar mayarwa. In ka gama, ka ce wa Malam ya ɓoye ta ranar layya, masu fiɗa su zo wurinmu mu ba su tasu.

Mai Walda na Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shirun mako 3, na so in dawo da labari ne ba da wata tambayar kawai ba.

Malam na Nima, na bi maganarka na fara da guntu, kuma Allah Ya sa na bi. Da na wanke fallen da fetur na duba kusa da ramin tsakiya, sai ga tsaga ƙarama kwance a wurin, daidai inda na yi niyyar yanko ta uku. Na matsa can ƙarshen fallen na yanka. Guntun gwajin na gasa shi sau 3 ina barinsa ya huce a iska, na ba shi man gyaɗa, na karya. Na ajiye shi gefe da gefe da karyayyiyar wuƙata ta biyu: wancan yana ƙyalli tsaki-tsaki, wannan toka-toka sumul, ba ka ganin ƙwaya ko ɗaya. Na daɗe ina kallonsu. Falle ɗaya ne, hannu ɗaya ne, wuta ce kawai ta bambanta.

Ranar Alhamis na tafi Asawase da wuƙar a naɗe cikin tsumma, da galan ɗin mai, da maganaɗisuna a aljihu. Baba yana zaune a kan buzu a ƙofar maƙera. Ya karɓi ƙarfen bai ko kalle shi ba, ya bi shi da babban yatsa daga wutsiya har tsini, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan masabarka ta faɗi da gefe." Na duba, ga ɗan rami kuwa wanda ni mai ido ban lura da shi ba. Ya sa na goge shi da magagari kafin mu fara, ya ce a irin wurin nan tsaga ke samun ƙofa. Haka ya ce kafaɗar da ruwa ya haɗu da wutsiya kada in bar ta da kusurwa mai kaifi, in ɗan zagaye ta.

Muka yi Magariba a masallacin layinsu, muka dawo, jikansa ya kama zugazugi na fatar akuya. Ni da na saba da fanka mai hurawa ba tsayawa, sai na ga amfanin wannan: in Baba ya ɗaga hannu iska ta tsaya nan take. Ni ke riƙe da awartaki, shi yana gefena ya sunkuyo. Ƙarfen ya tashi daga baƙi ya yi ja mai duhu, na kai maganaɗisu, ya kama. Ya ƙara ja, na sake kaiwa, ya saki. Na mayar cikin gawayi, ban ƙirga goma ba Baba ya ce, "Yanzu." Launin da ya ce yanzu a kansa, wallahi da rana ne da na rantse ƙarfen bai yi zafi ba. A nan na gane irin ƙonar da na yi wa biyun farko. Na tsoma a mai, ya yi 'yar ƙara kamar ana suyar ƙosai, ƙamshin ƙuliƙuli ya cika maƙerar. Babu ƙas. Magagari ya zame a bakinta kamar a kan gilashi.

Lallashin ma a nan muka yi, a kan tsohon kan gatari da aka gasa. Wannan kam da tocila muka yi shi, ni ke gani ina faɗa masa. Na ga launin kara ya taso daga baya yana rarrafe, zuma na biye da shi, ya ce kada in yi magana da kowa, kada in ɗauke ido. Da karan ya taɓa baki na ɗauke. Washegari na ƙara mata awa 2 a oban ɗin wata maƙwabciyarmu mai yin kek, don hankalina ya kwanta.

Wasawa ta ci mini dare 5, da dutse da ruwa, sai samfefa da na shimfiɗa a kan gilashin taga. Ƙota kuwa na je Sokoban na tsinci guntun katakon odum cikin ragowar masu kujeru. Su can Suwidin da itacen ƙasarsu mai fari suke yi, wasu su ƙara ƙahon barewarsu ta ƙanƙara. Ni ƙahon sa na samu a mayanka, na yanka fallensa na sa a wuyan ƙotar. Na huda itacen da diril, na faɗaɗa ramin da siririn magagari. Baba ya ce su da wutsiyar suke ƙona ramin kamar yadda ake sa wa fartanya ƙota, amma tunda tawa ta riga ta sha mai sai na ji tsoron zafi ya gangara ya ɓata ta, na cika ramin da gam ɗin Araldite na tura. Na fiƙe ƙotar na yi mata cikin nan na ƙwallon dabino, na shafe ta da man kaɗe sau 3. Ban sa jan fenti ba, odum ɗin ya yi kyau da kansa.

Ba ta fito cif ba. Gangaren hagu ya fi na dama faɗi da kusan milimita 1, kuma akwai ɗan tabon masaba kusa da baya da na bari don kada ruwan ya yi siriri.

Jiya Juma'a bayan an sauko na kai wa Kawu, a naɗe cikin takarda don ba ta da kube tukuna. Ya buɗe, ya juya ta, ya tambaye ni ko yayana ne ya aiko. Na ce a'a, ni na yi, da sifirin ɗin trotro, a maƙerar wani dattijo a Asawase. Bai ce komai ba. Ya jawo kara daga cikin daminsa, ya ɗora gangaren a kai ya tura, ɓawon ya naɗe ya faɗi a kan buzu. Ya fiƙe baki, ya tsaga shi, ya tsoma a tawada ya ja Bisimilla a allon wani yaro. Sannan ya ɗauki kara na biyu. Sai da ya fiƙe 7 kafin ya ɗago ya sa mini albarka, ya sa wa Baba, ya ce in kai shi su gaisa. Na isar masa da saƙon ɗan'uwanmu na Kaase, ya ce ko wa ya zo aro ranar layya zai ce ta makaranta ce.

Saura kube. Na san da fatar da aka jeme da bagaruwa ake yi, a jiƙa ta a naɗe wuƙar a ɗinke ta baya, ta bushe a jikinta, wasu kuma suna sa ɓawon itace a ciki don kada kaifi ya huda fatar. Amma ban taɓa riƙe basilla ba. In akwai baduku a zauren nan, ko wanda ya san wani a Alabar ko Aboabo da zai yarda in zauna kusa da shi yana yi ina gani, don Allah ya yi mini magana. Daminar Kumasi ta kusa, kuma da safen nan na ga ɗigon tsatsa guda a gindin ruwan, na goge na shafa mata man kaɗe.